Saƙonka ta ƙarƙashin teku yake bi, ba ta sama ba

Mutane da dama sun ɗauka cewa idan suka tura saƙo wata nahiya, tauraron ɗan'adam ne ke cafe shi ya miƙa. Ba laifinsu ba ne, tunda wayar hannu ba ta da igiya. Amma tafiyar saƙo a iska gajeriya ce, daga wayarka zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga nan sai ya shiga waya, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku suke bi.

Dabarar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun 1858 aka ja wayar tangaraho daga Ayalan zuwa gaɓar Kanada, ta yi 'yan makonni ta mutu, sai a 1866 aka samu mai ɗorewa. A 1988 aka shimfiɗa wayar da ake kira TAT-8, ta farko mai zaren gilashi da ta ratsa Tekun Atlantika, ta haɗa Amurka da Ingila da Faransa. Zaren nan siriri ne kamar gashin kai, haske ne ke gudu a cikinsa ɗauke da saƙo.

Me ya hana a dogara da tauraro? Nisa da ƙarancin abin da yake iya ɗauka. Tauraron da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa yana jawo jinkirin kusan rabin daƙiƙa kafin amsa ta dawo. Amfaninsa babba ne a jiragen ruwa da wuraren da waya ba ta kai ba.

Mutanen Tonga, wata ƙasar tsibirai a Tekun Pasifik, sun ga zahiri a Janairun 2022, lokacin da aman wutar dutse ya tsinke wayar ƙarƙashin teku ɗaya tilo da ke haɗa su da sauran duniya. Sai da aka shafe sama da wata guda kafin a gyara ta.