Waiwaye: Tsakanin badujala da lasifika a filayen ƙwallon jami'o'in Amurka

Kowace kakar wasa sai an yi jayayya a jami'o'in Amurka kan wanda ya kamata ya cika kunnen 'yan kallo ranar Asabar: 'yan badujalar makaranta ne, ko mai sakin waƙoƙi ta lasifika daga ɗakin sarrafa sauti. Ƙwallon ƙafar Amurka ce ake magana, wadda ake tsayawa bayan kowane hari, don haka akwai giɓi da yawa da ake neman abin cikewa.

Badujala ce ta riga kowa. Ta jami'ar Notre Dame ta yi busa a wasan farko na makarantar a 1887, a 1907 kuma 'yan badujalar Purdue suka bar jerin faretin soja suka tsara harafin P a tsakiyar fili. Daga 1946 William Foster ya shigo da rawa da saurin taku a Florida A&M, salon da jami'o'in baƙar fata suka yi suna da shi har yau. Shekaru da dama, ganguna da begila da maƙogwaron ɗalibai ne ke ɗauke da filin, kuma sun isa: a Oktoban 1988, da jami'ar jihar Louisiana (LSU) ta ci Auburn gab da tashi, na'urar auna girgizar ƙasa da ke harabar jami'ar sai da ta nuna motsi.

Manyan allunan bidiyo ne suka sauya lissafi. A 1998 Wisconsin ta saki waƙar Jump Around a wasanta da Purdue, ɗalibai suka kama tsalle, abin ya zauna a matsayin al'ada kafin shiga zango na huɗu, wato na ƙarshe a wasan. Da hukumar jami'ar ta hana a 2003 saboda ana gyaran filin, sai aka yi mata ca, ta janye cikin 'yan kwanaki. Virginia Tech ta fara shigowa fili da waƙar Enter Sandman a 2000, shekarar da ta kafa sabon allo. A duka biyun lasifika ta kunna wuta ne kawai, jama'a suka karɓe. Makarantu da yawa da suka kwaikwaya ba su lura da wannan ba, ƙara suka yi ta ƙarawa.

Kuɗi ma ya shigo ciki. Matsakaicin 'yan kallo a babban rukuni ya kusa 47,000 a 2008, zuwa 2019 ya sauko kusan 41,500, domin kallo a gida ya fi sauƙi da arha. Gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, wadda ta haramta kayan ƙara tun 1974, ta sassauta wa magoya bayan Mississippi State kaɗa ƙararrawar wuyan shanu a 2010, sannan a 2014 ta yarda a riƙa sakin kiɗa tsakanin hari da hari, da sharaɗin a kashe da zarar ɗan wasan tsakiya, wato wanda ke miƙa ƙwallo don fara hari, ya tsaya kan ƙwallo. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, tana nan kuma: badujala ko mai sarrafa sauti da ya hana ƙungiya jin umarnin jagoranta yana iya jawo wa makarantarsa horon a mayar da ƙungiyarta baya yadi 15.

Saboda haka aikin na lissafin daƙiƙu ne. Agogon hari, wato lokacin da ake ba ƙungiya ta fara hari na gaba, daƙiƙa 40 ne. Ƙungiya tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10, kuma na ukun ne ake son fili ya kama da wuta idan ƙwallo tana hannun baƙi. Abin da ke aiki shi ne gajeren sauti ɗaya tak, wanda kowa ya haddace, a sake shi da zarar an busa usur, a yanke shi da wuri a bar ihu ya gaje wurin. Idan aka ja shi har ƙarshe, mutane kan yi shiru suna saurare, ana kashewa filin ya mutu daidai lokacin da ake buƙatar hayaniya. In ƙwallo tana hannun 'yan gida kuwa, shiru ake so. Dole mutum ɗaya ya riƙe jadawali, yana magana ta rediyo da shugaban badujala da mai lasifika, ya raba musu hutun tallace-tallacen talabijin tun kafin wasa. In ba haka ba su biyun su taso tare, kunne ya rasa na kamawa.

Sai matsalar nisa, wadda kuɗi kaɗai ba ya magancewa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Idan an tara lasifikoki duka a jikin allo a ƙarshen fili, wanda ke zaune mita 170 daga nan zai ji kiɗan bayan rabin daƙiƙa, kuma a waƙa mai bugu 120 a minti wannan cikakken bugu ɗaya ne. Shi ya sa za ka ga wannan ɓangare ya ɗaga ƙafa, wancan yana saukewa. Ƙarfin sauti kuma yana raguwa da desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti) duk lokacin da nisa ya ninka, iska tana cinye siraran muryoyi, sai na nesa ya ji dum-dum kawai, na kusa kuma kunnensa na zafi. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ce a desibel 100 kada a wuce minti 15 a yini. Maganin shi ne a rarraba ƙananan lasifikoki kusa da kujeru, a saita jinkirin kowanne. Haka ma idan an sa wa badujala makirfo: in ba a jinkirta lasifika ta jira sautin gangar ba, mutum zai ji bugu biyu.

Zaɓen waƙa ma yana da nasa haɗarin. Alabama ta daina sakin wata waƙar da ɗalibai suke so bayan kakar 2014 saboda zagin da suke cusawa a tsakiyarta, ba ta dawo da ita ba sai 2018.

Tun 2024 an yarda koci ya riƙa magana da ɗan wasa ɗaya ta rediyon cikin hular kwano, amma ana katse layin idan saura daƙiƙa 15 a agogon hari. Daga nan jagoran baƙi sai da bakinsa da hannunsa zai isar da umarni, kuma da zarar ɗan tsakiya ya tsaya kan ƙwallo, dokar SEC ta rufe bakin lasifika da na badujala, ba ta rufe na 'yan kallo ba.