GPL ba ta tilasta wa kamfanin manhajar intanet sakin kod ɗinsa

An daɗe ana cewa duk kamfanin da ya gina manhajar intanet da ake biyan kuɗin amfani da ita wata-wata da kod (rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi) mai lasisin GPL, wato lasisin da ke ba kowa damar amfani da kod bisa sharaɗin ya saki kod ɗin abin da ya gina da shi, dole ya saki nasa. Ba haka abin yake ba. Sharaɗin GPL yana hawa kanka ne idan ka miƙa wa wani kwafin manhajar. Mai shiga ta burauza, alhali manhajar tana aiki a sabarka (kwamfutar da ke ɗauke da ita), bai karɓi kwafi ba.

Wannan giɓin ne AGPL ta 2007, wadda lasisi ce 'yar'uwar GPL, ta toshe. Sashenta na 13 ya ce in ka yi wa manhajar gyara, sai ka bai wa masu amfani da ita ta intanet damar sauke kod ɗin. Inda ake yawan tuntuɓe kuwa shi ne kod ɗin JavaScript da ake tura wa burauza, da manhajar waya: waɗannan kam rabawa ce, wato miƙa kwafi.