Waiwaye: Yadda Waliyyan Kirista Suka Samu Ranakunsu a Kalanda

Wanda ya buɗe kalandar Cocin Katolika zai tarar da sunaye jere a gefen ranaku: Bitrus da Bulus a 29 ga Yuni, Agustin a 28 ga Agusta, Josephine Bakhita 'yar Darfur a 8 ga Fabrairu. Mutane da dama suna zaton ranakun haihuwarsu ne, alhali galibinsu ranakun rasuwa ne. A wurin Kiristocin farko, ranar da mai bi ya mutu ita ce ranar da aka haife shi zuwa rai madawwami. Mutum uku ne kacal ake bikin haihuwarsu ta duniya a babbar kalanda: Yesu Almasihu a 25 ga Disamba, Maryamu a 8 ga Satumba, da Yohanna Mai Baftisma a 24 ga Yuni.

A bakin kabari al'adar ta soma. Wajen shekarar 155 aka kashe Polikaf, bishop na Simirna, wato Izmir ta Turkiyyar yau, yana tsoho tukuf. Jama'ar ikkilisiyarsa suka rubuta wasiƙa suna ba da labarin yadda suka tsince ƙasusuwansa, waɗanda a wurinsu sun fi zinariya da duwatsu masu daraja, suka adana su a wurin da za su riƙa taruwa duk shekara ranar shahadarsa. Har gobe 23 ga Fabrairu tasa ce. Abu uku ake buƙata a wancan zamani: suna, rana, da kabari. Shi ya sa Kiprian, bishop na Kartaj a Tunisiyar yau, ya umurci limamansa su riƙa rubuta ranar da kowane ɗaurarre ya mutu a kurkuku saboda bangaskiya. Shi ma aka sare masa kai ranar 14 ga Satumba, 258.

Jeri mafi tsufa da ya iso hannunmu daga Roma yana cikin wani kundi na shekarar 354. Gajere ne, suna da rana da maƙabartar da za a je. Kusan duk shahidan Roma ne, amma akwai 'yan Afirka uku a ciki: Kiprian, da Perpetua da Felisiti, mata biyu da aka kashe a filin wasan Kartaj a 203, waɗanda ranarsu ita ce 7 ga Maris. Wannan abin lura ne, domin ya nuna Afirka tana cikin kalandar tun daga tushenta.

Da tsananta wa Kirista ta lafa bayan 313, sai aka fara girmama waɗanda ba a zubar da jininsu ba, irin su Antoni na hamadar Masar da ya rasu a 356, da Martin bishop na Tur a Faransa. Martin ya rasu 8 ga Nuwamba, 397, aka binne shi 11 ga wata, kuma ranar jana'izar ce ta zama tasa.

Shekaru ɗaruruwa babu wani ofishi da ke tantance waliyyi. Jama'a ne ke fara ziyartar kabari, bishop na yankin ya amince, a tono ƙasusuwan a mayar da su cikin coci, shi ke nan. Daga nan matsala ta ɓullo. Masu kwafar littattafai da hannu sukan raba mutum ɗaya biyu, ko su haɗe mutum biyu masu suna iri ɗaya. Inda ba a san tarihin shahidi ba, sai wani ya cike giɓin da labarin da ya aro daga wani shahidin. Don a toshe wannan ɓaraka ne iko ya riƙa komawa Roma sannu a hankali. Ulrik na Augsburg a Jamus shi ne na farko da aka tabbatar Fafaroma ya ayyana waliyyi, a 993. A 1234 dokokin Fafaroma Gregori na Tara suka keɓe wannan iko ga Fafaroma shi kaɗai. A 1588 Sistus na Biyar ya kafa ma'aikatar da ke bin shari'ar tantance waliyyai, sannan a 1634 Urban na Takwas ya hana a yi wa kowa girmamawar waliyyi a bainar jama'a kafin Roma ta yanke hukunci. Wannan doka tana nan da ranta, kuma zumuɗin masoya kan jawo wa shari'ar wanda suke ƙauna cikas idan suka riga malam masallaci.

Sauya kalanda ma ya bar tabonsa. Teresa ta Abila ta rasu a Sifen daren 4 ga Oktoba, 1582, daidai daren da aka tsallake kwana goma aka koma sabon lissafin kalanda na Fafaroma Gregori na Goma Sha Uku. Gari ya waye 15 ga Oktoba, ita ce kuma ranarta. Cocin da suka ci gaba da tsohon lissafi suna bayan namu da kwana 13 yanzu, dalilin da ya sa wasu 'yan Otodoks ke bikin waliyyi ɗaya da Katolika amma kusan makonni biyu a tsakani. Kibɗawan Masar kuwa suna ƙirga shekarunsu ne daga 284, shekarar da Diyokletiyan, Sarkin Roma da ya tsananta wa Kirista, ya hau mulki, suna kiranta Zamanin Shahidai.

Ana shiga ƙarni na ashirin kalandar ta cika maƙil, har bukukuwan waliyyai suna danne kwanakin azumin da Kirista ke yi kafin Ista. Ranar 14 ga Fabrairu, 1969, Fafaroma Bulus na Shida ya amince da sabon tsari. An cire waɗanda labarinsu ba shi da madogara mai ƙarfi daga babbar kalanda, aka shigo da waliyyai daga kowace nahiya. A nan ne rashin fahimta ya fi yawa. Ba a tuɓe Balentin ko Kiristofa daga waliyyantaka ba. Sunayensu suna nan cikin babban littafin shahidai na Roma, an dai daina wajabta bikinsu a kan duk duniya ne. 14 ga Fabrairu, ranar Balentin, ta koma ta Siril da Metodiyus. Katarina ta Iskandariya an cire ta a 1969, aka dawo da ita a 2002.

An kuma matsar da wasu don azumi ya samu sarari. Toma Akwinas ya rasu 7 ga Maris, 1274, sai aka kai shi 28 ga Janairu, ranar da aka mayar da ƙasusuwansa Tulus, Perpetua da Felisiti suka karɓi ranarsu ta asali. Gregori Babba ya tashi daga 12 ga Maris zuwa 3 ga Satumba, ranar da aka naɗa shi Fafaroma a 590. Da wannan hikima aka bi wa Yohanna Bulus na Biyu: ya rasu 2 ga Afrilu, 2005, ranar da sau da yawa kan faɗa cikin azumi ko makon Ista, don haka aka ba shi 22 ga Oktoba, ranar da ya fara aikinsa a 1978.

Ga katikis ko mai shirya sujada, abin da ya fi muhimmanci shi ne matsayin ranar, domin matakai huɗu ne. Babban idi yana farawa tun yammacin jajibiri, ana karatu uku, ana rera waƙar Ɗaukaka ga Allah, ana faɗin Shaidar Bangaskiya. Mataki na biyu, wato idi, yana da waƙar Ɗaukaka amma babu Shaidar Bangaskiya. Sai tunawa ta dole, sai tunawa ta ganin dama, wadda fada, wato limamin coci, zai iya yi ko ya bari. Rigar fada ja ce idan shahidi ne, fara idan ba shahidi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da cewa Lahadi ta fi ƙarfin idin waliyyi da tunawarsa: idan suka haɗu, waliyyin ya haƙura da wannan shekarar. A cikin ranakun waliyyai, babban idi ne kaɗai ke iya hawa kan Lahadi ta yau da kullum, shi ma ba ya taɓa Lahadin azumi, na jiran Kirsimeti ko na Ista, sai dai a ɗage shi. A 2008 ranar Yusufu mijin Maryamu, 19 ga Maris, ta faɗa cikin Mako Mai Tsarki, aka dawo da ita Asabar 15 ga wata. Waliyyin da coci ke ɗauke da sunansa kuwa, ranarsa babban idi ce a wannan cocin kaɗai.

Hanyar shiga kalandar a yau tana bin dokar 1983. Sai an shekara biyar da rasuwar mutum kafin bishop ya buɗe bincike, a tattara rubuce-rubucensa, a rantsar da shaidu, a aika Roma. Daga Bawan Allah ya zama Abin Girmamawa, sannan Mai Albarka idan an tabbatar da al'ajibi ɗaya, galibi warkarwa da likitoci suka kasa bayyana dalilinta. Shahidi ba ya buƙatar wannan na farko. Al'ajibi na biyu, wanda dole ya faru bayan an ayyana shi Mai Albarka, shi ne ke kai shi ga zama waliyyi.

Shahidan Uganda 22 da aka kashe a zamanin Kabaka Mwanga na Biyu, sarkin Buganda, an ayyana su waliyyai a 1964, ranarsu 3 ga Yuni, ranar da aka ƙone Charles Lwanga da 'yan uwansa a Namugongo a 1886. 'Yan Angalika ma suna tuna nasu 23 a ranar. Bakhita, wadda aka sace tana ƙarama aka sayar baiwa, ta rasu a Italiya a 1947, ta zama waliyyiya 1 ga Oktoba, 2000. Na Najeriya shi ne Fada Cyprian Michael Iwene Tansi na Aguleri, wanda ya rasu a Ingila 20 ga Janairu, 1964, aka ayyana shi Mai Albarka a Oba kusa da Onica ranar 22 ga Maris, 1998. Da yake Mai Albarka ne, cocin Najeriya ne ke riƙe da ranarsa, 20 ga Janairu, sauran duniya kuwa a ranar suna tuna Fabiyan da Sebastiyan.