Mece ce "musaya" a gasar NBA, kuma me ya sa ba a tambayar ɗan wasa?

Duk wanda ya taso yana kallon ƙwallon ƙafar Turai ya san yadda ɗan wasa ke sauya sheƙa. Ƙungiya ta taya, mai ɗan wasa ta ce albarka ko ta sallama, a biya kuɗi, sannan a zauna da ɗan wasan da wakilinsa a daidaita kan sabon albashi. In ya ce ba ya so, ciniki ya watse. Kuɗin kuwa ba su da iyaka: yuro miliyan 222 PSG ta ajiye a 2017 kafin ta ɗauke Neymar daga Barcelona.

A gasar ƙwallon kwando ta NBA, mai ƙungiyoyi 30 (29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada), ba a irin wannan ciniki. Abin da ake yi shi ne musaya, wadda masu sharhin can ke kira tireid. Ka ba ni ɗan wasa, in ba ka ɗan wasa. Kuma in an bi diddigi, ba mutumin ake miƙawa ba, kwantiraginsa ake miƙawa. Takardar da ya sa wa hannu, da albashin da ke ciki, da shekarun da suka rage, duk suna komawa sabuwar ƙungiya yadda suke. Tunda ba sabuwar yarjejeniya za a ƙulla ba, ba a buƙatar amincewarsa. Manajoji biyu su gama magana ta waya, ofishin gasar ya duba ya ga ba a karya doka ba, likita ya auna lafiyar 'yan wasan, shi ke nan. Wanda ya kwana a Dallas sai ya wayi gari ma'aikacin Los Angeles.

Abu uku ake iya sakawa a cikin musaya. Na farko 'yan wasa. Na biyu gurbin zaɓe a daraf, wato taron da ake yi kowane watan Yuni inda ƙungiyoyi ke bin layi suna ɗaukar matasan da suka fito daga jami'o'i ko ƙasashen waje, zagaye biyu, kowace ƙungiya da gurbi ɗaya a kowane zagaye. Na uku tsabar kuɗi, amma an ƙayyade su ƙwarai; abin da ƙungiya za ta iya bayarwa a kaka guda bai kai dala miliyan 10 ba, kuɗin da ba zai ɗauko tauraro ko ɗaya ba.

Abin da ya ɗaure hannun kowa shi ne rufin albashi. Tun kakar 1984-85 NBA ta sa iyaka ga jimillar abin da ƙungiya za ta biya 'yan wasanta, a lokacin dala miliyan 3.6. A kakar 2024-25 rufin ya kai kusan miliyan 140.6. Akwai ƙofofin da doka ta bari a wuce shi, musamman don ƙungiya ta riƙe nata 'yan wasan, shi ya sa yawancin ƙungiyoyi suna sama da shi. To ƙungiyar da ta haura rufi, in za ta yi musaya, dole albashin da ta fitar ya yi kusa da wanda ta shigo da shi. Wannan ne ya sa za ka ga an lissafo sunaye biyar ko shida a musaya ɗaya, alhali mutum ɗaya ake nema. Sauran an sa su ne don lissafi ya cika. Wani lokaci har sai an jawo ƙungiya ta uku ta karɓi albashin da ya yi rara, a ba ta ɗan gurbin daraf ladan wahalarta. Musayar da ta kai Kevin Durant Houston daga Phoenix a Yulin 2025 ƙungiyoyi bakwai ta haɗa.

Ban san misalin da ya fi na Luka Dončić fayyace wannan al'amari ba. Da sanyin safiyar Lahadi 2 ga Fabrairu, 2025 agogon Najeriya, labari ya fito cewa Dallas Mavericks ta miƙa shi ga Los Angeles Lakers. Mutane da yawa sun ɗauka an yi wa ɗan jaridar ESPN da ya fara kawo labarin, Shams Charania, kutse a shafinsa ne. Luka, yaron nan ɗan ƙasar Sulobeniya, wanda ya taso a ƙungiyar kwando ta Real Madrid, shekararsa 25 a lokacin. Sau biyar a jere ana sa shi cikin gwarzayen gasar biyar na shekara. Wata takwas kafin nan shi ya ja Dallas har wasan ƙarshe, inda Boston ta doke su. Bai nemi tafiya ba, bai yi rigima da kowa a fili ba. Dallas ta haɗa shi da Maxi Kleber da Markieff Morris, ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da gurbin zagayen farko na daraf ɗin 2029, Utah Jazz kuma ta shigo a matsayin ta uku. Albashin Luka da na Davis kowanne ya ɗan haura dala miliyan 43 a waccan kakar, saboda haka lissafi bai ba da wahala ba.

Babban manajan Dallas na lokacin, Nico Harrison, ya ce tsaron gida ke cin kofi, kuma Davis gwanin tsaro ne. Wannan gaskiya ne, Davis ba kanwar lasa ba ne. Amma ya girmi Luka da kusan shekara shida, ga yawan jinya. Abin da ya fi damuna ma shi ne ba a kai hajar kasuwa ba. Da an bari sauran ƙungiyoyi sun ji, da an samu mai ba da gurabe huɗu ko biyar da matasa a kai. Gurbi ɗaya tak Dallas ta karɓa. A ganina wannan ita ce musaya mafi muni da na gani tun da na fara bin gasar, kuma ba na jin zan canza ra'ayi don Dallas ta yi sa'ar cin ƙuri'ar da ke ba da gurbin farko a daraf a watan Mayun 2025 ta ɗauki matashi Cooper Flagg, alhali damarta ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Sa'a daban, dabara daban. Magoya bayan Dallas sun yi ta kiran a kori Harrison a filin wasa, kuma a Nuwamban 2025 aka kore shi.

Ranar 9 ga Afrilu, 2025 Luka ya koma Dallas sanye da rigar Lakers. Aka nuna masa bidiyon shekarunsa a garin, ya zauna a benci yana hawaye, sannan ya tashi ya zuba musu maki 45.

Gurbin daraf ɗin da nake ta ambata shi ne ainihin kuɗin wannan kasuwa, kuma nan ne sabon mai kallo ya fi ruɗewa. Yaya za a ba da tauraro a karɓi gurbin shekarar da yaron da za a ɗauka yana sakandare yanzu? Dalili shi ne ƙungiyar da ta fi rauni ita ke da damar zaɓe da wuri. In ka riƙe gurbin wata ƙungiya na shekara huɗu masu zuwa, kana caca ne cewa kafin lokacin taurarinta sun tsufa, ta faɗi ƙasa, gurbin ya yi daraja. Kamar manomi ne da ya sayar da amfanin gona tun shuka ba ta fito ba: ya biya buƙatar yau, amma in damina ta yi kyau wani ne zai cika rumbu.

Dubi abin da ya faru a Yulin 2019. Los Angeles Clippers tana son Paul George ido rufe, domin sai da shi tauraro Kawhi Leonard zai yarda ya zo. Ta ba Oklahoma City Thunder wani saurayi da ya yi kaka ɗaya kacal, Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da gurabe biyar na zagayen farko, da damar musanya gurbi sau biyu. Ɗaya daga cikin guraben shi ya zama Jalen Williams a 2022. A Yunin 2025 Oklahoma ta ɗauki kofi bayan ta doke Indiana a wasa na bakwai, Shai ne gwarzon kaka kuma gwarzon wasannin ƙarshe, Williams ne na hannun damansa. Clippers kuwa ko wasan ƙarshe ba ta kai ba a zamanin George. Irin wannan ce ta samu Brooklyn a 2013, da ta kwashi Kevin Garnett da Paul Pierce bayan ƙarfinsu ya fara ja baya, ta bar wa Boston guraben da suka haifar da Jaylen Brown da Jayson Tatum. Saboda irin wannan ɓarna ne ma aka yi dokar da ta hana ƙungiya zama ba gurbin zagayen farko shekara biyu a jere nan gaba. Ana kiranta da sunan Ted Stepien, mai ƙungiyar Cleveland a farkon shekarun 1980, wanda ya yi ta rabon gurabensa har gasar ta taka masa birki.

Ba kullum mai saurin hannu ke asara ba. Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya, yana shugabancin Toronto Raptors a Yulin 2018 lokacin da ya miƙa DeMar DeRozan da Jakob Poeltl da gurbi ɗaya ga San Antonio, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. DeRozan ya yi shekara tara a Toronto, yana son garin, garin na son sa, ya kuma fito fili ya nuna an ci amanarsa. Kawhi kuwa saura shekara ɗaya a kwantiraginsa, ya sha jinya kusan duk kakar da ta gabata, kuma kowa ya san zuciyarsa na Los Angeles. Ujiri ya rufe ido ya yi. A Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kofinta na farko, da Pascal Siakam ɗan Kamaru a cikin masu jan ragama. Wata ɗaya bayan nan Kawhi ya tafi. Na yi murna da kofin nan ƙwarai, har yanzu kuma ina ganin Ujiri ya yi daidai a matsayinsa na shugaba. Amma hakan bai goge abin da aka yi wa DeRozan ba.

Nan ne zuciyata ke rabuwa biyu game da wannan tsari. Yana ba ƙaramin gari irin Oklahoma damar ya kai ƙololuwa ba tare da yana da attajirin da ya fi kowa ba, abin da ƙwallon ƙafar Turai ta daɗe da rasawa. Amma 'yan wasa ke biyan farashin. A Fabrairun 2019 Harrison Barnes yana tsakiyar wasa da rigar Dallas labari ya bazu cewa an miƙa shi Sacramento. 'Yan kallo da wayoyi a hannu sun sani, shi yana benci. Waɗannan mutane ne masu mata da 'ya'ya a makaranta. Za a ce ai miliyoyi ake biyan su, haka ne, kuma albashin yana bin su duk inda suka je. Sai dai yawancin waɗanda ake jefawa cikin musaya don cika lissafi ba taurari ba ne, kuma wasu da zarar sun isa sabon garin ake sallamar su.

Akwai sharaɗin da ke ba ɗan wasa ikon ƙin musaya, amma samun sa sai wanda ya yi shekara takwas a gasar, huɗu daga ciki a ƙungiyar da zai sa wa hannu, kuma sai ƙungiyar ta yarda. A kakar da aka miƙa Luka, LeBron James da Bradley Beal ne aka sani da shi a kwantiraginsu. Manyan taurari suna da wata hanyar: su fito su ce a musanya su. Davis kansa haka ya bar New Orleans zuwa Lakers a 2019, haka James Harden ya bar Houston a 2021. Duk da haka zaɓin gari ba a hannunsu yake ba. Damian Lillard ya nemi Miami a 2023, Portland ta tura shi Milwaukee.

Musaya tana da wa'adi. Ana rufe ƙofa a watan Fabrairu, a 2025 ranar 6 ga wata, ba a sake buɗe wa ƙungiya sai kakarta ta ƙare. Makon rufe ƙofar ne 'yan wasa ba sa barci mai daɗi.

Tun 2023 kuma abin ya ƙara tsauri. Sabuwar yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ta kafa wani shinge na biyu can sama da rufin albashi, kusan dala miliyan 189 a kakar 2024-25. Wanda ya tsallake shi ba zai iya haɗa albashin 'yan wasa biyu ya ɗauko ɗaya mai tsada ba, ba zai sa tsabar kuɗi a musaya ba, ga harajin wuce iyaka mai nauyi. Shi ya sa yanzu ake musayar da ba ruwanta da ƙwarewa. Boston ta ci kofi a 2024, shekara ɗaya bayan nan ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porziņģis don ta sauko ƙasa da shingen. Mai kallo in ya ga ƙungiya ta saki ɗan wasa mai kyau ta karɓi wanda bai kai shi ba, ya fara duba littafin albashi kafin ya zagi koci.

Gyara ɗaya nake fatan a yi. Akwai kwantiragi mafi girma a gasar, wanda ke farawa daga kashi 35 cikin 100 na rufin albashi, da ake ba tauraron da ya zauna a ƙungiyar da ta raine shi. An yi shi ne don a saka wa mai zama. Luka ya cancanci wannan a bazarar 2025, kusan dala miliyan 345 a shekara biyar, amma ranar da aka miƙa shi damar ta faɗi, don Lakers ba ita ta raine shi ba. A watan Agusta ya sa hannu kan miliyan 165 na shekara uku. Mutum bai nemi tafiya ba, an raba shi da garinsa, sannan an raba shi da haƙƙin da ya samu da guminsa. Wannan ba adalci ba ne, kuma ya kamata haƙƙin ya bi ɗan wasan da aka musanya ba da son ransa ba. Yarjejeniyar yanzu za ta kai kakar 2029-30, kowane ɓangare kuma na iya janyewa shekara ɗaya kafin nan, saboda haka ƙungiyar 'yan wasa tana da lokacin da za ta ɗora wannan magana a kan tebur.