Dokar ƙarin shekarun ritaya a Chaina, da waɗanda nauyinta ya fi faɗawa kansu

Ranar 13 ga Satumban 2024 zaunannen kwamitin majalisar wakilan jama'ar ƙasar Sin, wato Chaina, ya amince da wata doka da aka daɗe ana jan ƙafa a kanta, dokar da ta ƙara wa ma'aikata shekarun aiki kafin su yi ritaya su fara karɓar fansho. Ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. Kafin nan tsarin da ake bi tun shekarun 1950 ne, namiji yana ajiye aiki a shekara 60, mace mai aikin ofis ko mai muƙami a 55, mace mai aikin ƙarfi a masana'anta ko makamancin haka ita kuma a 50. Yanzu namiji zai kai 63, ta ofis 58, ta masana'anta 55. Ka lura da wannan tun daga farko, maza da matan ofis shekara uku aka ƙara musu, matan da ke tsaye gaban inji tun safe su aka ƙara wa biyar.

To amma ba wai an wayi gari ne kawai aka ce kowa ya ƙara shekara uku ba. A hankali ake yi cikin shekara 15, kuma watan da aka haife ka shi ne ke nuna rabonka. Ga maza abin ya fara ne daga waɗanda aka haifa a Janairun 1965, wanda aka haifa tsakanin Janairu da Afrilun shekarar wata ɗaya tal aka ƙara masa, na wata huɗun da ke biye wata biyu, haka abin ke ta hawa har a kai kan waɗanda aka haifa daga Satumban 1976 zuwa sama, su ne za su cika 63 cif. Matan ofis ma lissafin ɗaya ne sai dai nasu ya fara daga haihuwar Janairun 1970. Matan masana'anta kuwa nasu ya fi gudu, duk wata biyu ake ƙara wata ɗaya, an fara daga haihuwar Janairun 1975 kuma duk wadda aka haifa daga Nuwamban 1984 sai ta kai 55.

Ɗauki direban bas da aka haifa a Yunin 1970. A tsohon tsari Yunin 2030 zai miƙa makulli ya koma gida, yanzu sai ya cika shekara 61 da wata biyar, wato Nuwamban 2031. Ɗauki kuma mai ɗinki a kamfanin tufafi da aka haifa a Maris ɗin 1980, ita da ta sa rai a 2030 za ta huta da zaman keke, yanzu sai tana da 52 da wata takwas, ƙarshen 2032 kenan. Shekara biyu da wata takwas a rubuce ba wani abu ba ne, amma ga wadda bayanta da idonta suka riga suka gaji da aikin awa goma a rana ai ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai sashe na biyu da mutane ba su cika maganarsa ba alhali ni a ganina ya fi na farkon ciwo. Da, in ka yi shekara 15 kana zuba kuɗi a asusun fansho ka cancanci karɓa duk wata. Daga 2030 za a riƙa ƙara wata shida duk shekara har ya kai shekara 20 a 2039. Ma'aikacin gwamnati ko na babban kamfani ba ruwansa, shi dama ya wuce 20 ɗin tuni. Wanda abin zai taɓa shi ne mai aiki yau a nan gobe a can, ɗan kai saƙo a babur, lebura a wajen gini, matar da ta bar aiki shekaru saboda raino, irin waɗannan da yawa suna biya ne da kansu daga aljihu kuma dama 15 ɗin suke ta fafutukar cikawa. Dokar ta ba wanda shekarunsa suka kai amma zubinsa bai cika ba damar ya ci gaba da biya har ya cike, to amma da wane kuɗin, in ba shi da tsayayyen aiki?

Gaskiya an sa sassauci, kuma ya kamata a faɗa. Wanda ya cika shekarun zubi zai iya yin ritaya da wuri da abin da bai wuce shekara uku ba, muddin bai sauko ƙasa da tsohon ma'aunin 60 ko 55 ko 50 ba, sai dai ya sanar da wurin aikinsa a rubuce wata uku kafin lokacin. Kenan direbanmu in ya ga dama har yanzu zai iya tafiya a 60 ɗinsa, illa dai fanshon zai ɗan fi ƙanƙanta tunda bai daɗe yana zubi ba. Wanda kuma yake son ya zarce zai iya ƙara har shekara uku in sun daidaita da mai aikin, ban da ma'aikatan gwamnati da shugabannin kamfanonin gwamnati, su da lokaci ya yi sai tafiya. An hana mai kamfani ya tilasta wa ma'aikaci zaɓar lokacin ritaya, a fili ko ta bayan fage. Masu aikin haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa da masu aiki cikin tsananin zafi ko a wurare masu tsayi sosai suna nan da damarsu ta fita da wuri. Wanda ya rasa aiki yana karɓar tallafin rashin aiki, in saura ƙasa da shekara ɗaya ya kai ritaya, za a ci gaba da ba shi har ya kai.

Me ya kawo duk wannan? Tsufa ne, amma na ƙasa sukutum. Lokacin da aka kafa tsohon tsarin matsakaicin tsawon rai a Chaina bai kai shekara 50 ba, a 2023 ya kai 78.6. Wato macen da ta yi ritaya a 50 tana iya shekara talatin tana karɓar fansho, wani lokacin fiye da shekarun da ta yi tana aiki. A ƙarshen 2023 masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 297, a ƙarshen 2024 sun haura miliyan 310, sun fi mutanen Najeriya gaba ɗaya yawa. Kuma yanzu ne ma garken yake shigowa, domin bayan yunwar da aka yi a ƙarshen shekarun 1950 an yi haihuwa ba kaɗan ba daga 1962, a 1963 kaɗai an haifi kusan miliyan 30, su ne suka cika 60 a 2023. A ɗaya gefen kuma dokar ɗa ɗaya da aka yi ta bi daga wajen 1980 har ƙarshen 2015 ta riga ta rage masu tasowa. An yarda da biyu a 2016, an yarda da uku a 2021, amma matasa ba su amsa ba saboda tsadar gida da makaranta da wahalar aiki. A 2023 an haifi miliyan 9.02, miliyan 11.1 suka rasu. Yawan jama'ar ƙasar ya fara raguwa tun 2022, karon farko tun 1961.

Don ka gane inda kuɗi ya shigo sai ka san yadda asusun yake. A Najeriya tun dokar 2004 abin da aka cire maka da wanda mai aiki ya ƙara yana tafiya ne asusunka na kanka. A Chaina ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashi a nasa asusun, amma kashi 16 da kamfani ke biya tukunya ɗaya yake shiga kuma daga ita ake biyan tsofaffin yau. Kamar adashe ne da masu kwasa ke ƙaruwa kullum masu zubi suna raguwa. A 2019 cibiyar nazarin zamantakewa ta ƙasar ta yi hasashen cewa in aka ci gaba a haka ajiyar asusun ma'aikatan birane za ta ƙare a 2035. Lardin Heilongjiang da ke arewa maso gabas, inda matasa suka watse aka bar tsofaffin ma'aikatan masana'antu, tun 2016 ajiyarsa ta ƙare. Shi ya sa daga 2022 aka haɗe lissafin larduna, ana ɗebo rara daga irin su Guangdong, lardin da Guangzhou take, inda 'yan kasuwarmu na Kano da sauran wurare ke zuwa sarin kaya, ana cike giɓin wasu. Guangdong na da rara ne saboda matasan ƙauyukan wasu larduna ne suka cika masana'antunta suna zubi.

Ni ban ga yadda gwamnati za ta kauce wa ƙarin shekarun ba, lissafin a bayyane yake. Abin da ke damuna shi ne gyara ɗaya yana taɓa wani. A biranen Chaina kaka ce ke riƙe gida, ita ke kai jika makaranta ta ɗauko shi ta yi girki, saboda uwa da uba duk suna wajen aiki har dare, kuma ritayar 50 ko 55 ita ce ta ba ta wannan sararin. In ka riƙe kaka a wajen aiki ƙarin shekara uku ko biyar, 'yarta da ke tunanin haihuwa ta biyu sai ta sake lissafi, ga shi kuma haihuwar ake nema ido rufe, har a Yulin 2025 aka sanar da tallafin yuan (kuɗin Chaina) 3,600 a shekara kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku. Sannan ma'auratan da kowannensu shi kaɗai ne a wajen iyayensa, tsofaffi huɗu ne a wuyansu ban da ɗansu, ba wa ba ƙane da za a raba jinya da shi. Matasa ma sun yi ta ƙorafi a intanet cewa in tsofaffi ba su tashi ba ina su za su zauna, don a Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin 'yan 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3 cikin ɗari. Wasu kuma tambayarsu daban ce, kamfanoni da yawa ba sa son ɗaukar wanda ya wuce 35, to wanda aka sallama yana da 45 wa zai ɗauke shi har ya kai 63?

Sai mutanen karkara, waɗanda wannan doka ba ta ma taɓa su ba. Su nasu tsarin fanshon daban ne, ana fara karɓa a 60 kuma yana nan a 60 ɗin, sai dai abin da ake karɓar ne abin tausayi. Mafi ƙarancin abin da gwamnatin tsakiya ta ƙayyade yuan 123 ne a wata a 2024, aka mai da shi 143 a 2025, larduna suna ɗan ƙarawa, jimilla yawanci ɗari biyu da wani abu, alhali ma'aikacin birni da ya yi ritaya yana karɓar sama da dubu uku. Mutum sama da miliyan 170 ne ke karɓar fansho a wannan ƙaramin tsari, manoma da waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu a gine-ginen Shanghai da Shenzhen ba tare da an taɓa yi musu rajistar fanshon ma'aikata ba. Irin waɗannan ba su da ranar ajiye aiki, tsoho mai shekara 70 yana gona ko yana sharar titi har sai jiki ya ƙi. Dokar ta ce za a inganta kula da tsofaffi da wuraren rainon yara, amma a rubuce kawai ta faɗa ba ta sa adadi ba, kuma ƙarin yuan 20 a wata ba zai sayi maganin hawan jini da na ciwon ƙafa na tsohuwar da 'ya'yanta ke can birni ba.