Fabric (gidan rawa na Landan)

Fabric gidan rawa ne da ke unguwar Farringdon a birnin Landan, daura da kasuwar nama ta Smithfield. Keith Reilly da Cameron Leslie ne suka buɗe shi a watan Oktoban 1999, a cikin wani tsohon gini da a da ake adana nama a cikin sanyi. Ɗakunan rawa uku gare shi a ƙarƙashin ƙasa, kuma an dasa wasu na'urori a daɓen babban ɗakin, ta yadda mai rawa zai ji amon kiɗa yana shiga jikinsa ta tafin ƙafa.

Rikicinsa da hukuma ya taso ne a kan miyagun ƙwayoyi. A Disamban 2014 ƙaramar hukumar Islington, wadda gidan yake ƙarƙashinta, ta gindaya masa sharuɗɗa, ciki har da ajiye karnuka masu sansano ƙwaya a ƙofa, da na'urar da ke karanta katin shaidar duk mai shiga. Irin wannan na'ura tana adana sunan mutum da hotonsa da ranar haihuwarsa, wato sai a samu rajistar waɗanda suka je rawa da daren da suka je. Masu adawa da tsarin sun yi ta tambayar hannun wa bayanan za su shiga, kuma tambayar tana kan hanya, domin ba kowa ke son a san inda ya kwana yana rawa ba. Gidan ya ɗaukaka ƙara, a Disamban 2015 kotu ta soke sharuɗɗan biyu.

Nasarar ba ta daɗe ba. Bayan rasuwar wasu samari biyu 'yan shekara 18 da suka je rawa gidan, sakamakon shan ƙwaya, an ƙwace lasisin gidan a Satumban 2016. Magoya bayansa suka tara sama da fam 300,000 don yin shari'a, amma a Nuwamba aka sasanta. Gidan ya amince da na'urar da ya taɓa ƙi, da hana 'yan ƙasa da shekara 19 shiga a manyan dararen ƙarshen mako, ya sake buɗewa a Janairun 2017.

A 2021 Fabric ya hana ɗaukar hoto da bidiyo a filin rawa.