Makro ba bairos ba ne

Kwanan nan duk wanda aka miƙa wa makirufo kan tsaron kwamfuta sai ya ce a kiyayi makro, kamar sunan annoba. Har a rediyo ana cewa wai bairos ne da ke laɓewa cikin takardun Word. Ba haka ba ne.

Makro jerin umarni ne da ake rubutawa a cikin manhaja irin su Excel, don ta riƙa yin aikin da mutum ya gaji da maimaitawa. Tun 1993 Microsoft ya saka VBA, harshen da ake rubuta makro da shi, a cikin Excel, kuma har gobe akantoci da shi suke haɗa lissafin ƙarshen wata.

Inda ya kamata masu sharhi su tsaya shi ne umarnin Shell. Da layi ɗaya tak, makro zai tayar da wata manhaja daban da ke kan na'urar, Notepad ce ko PowerShell, manhajar da ake ba Windows umarni da ita. Kuma da ikonka za ta tashi: duk fayil ɗin da kai za ka iya gogewa, ita ma za ta iya. Shell kuwa ba ya jira. Kamar ka aiki yaro cefane ne, tun bai kai bakin ƙofa ba ka ɗora tukunya. Makro ya sa a matse fayil, ya zarce layi na gaba yana neman abin da ba a gama ba, sai kuskure ya fito, mai koyo ya yi ta zargin kwamfuta.

Wannan ƙofa ɓarayi suka gano. A da, masu yaɗa muguwar manhajar Emotet sukan turo takardar Word ta imel da sunan rasit, ka danna amincewa makro ya yi aiki, makro ya kira PowerShell, ita kuma ta sauko da ainihin bairos ɗin daga intanet. Tun a 1999 Melissa, wata takardar Word mai ɗauke da mugun makro, ta nuna hanya, inda ta sa manhajar imel ta Outlook ta aika ta ga mutum 50 na farko a littafin adireshi.

Sai a 2022 Microsoft ya fara toshe makron takardun da aka sauko daga intanet kai tsaye. A ganina an makara matuƙa, shekara 23 bayan Melissa. Makron da akanta ya rubuta da hannunsa kuwa yana nan yana aiki, toshewar ba ta shafe shi ba.